Shimfiɗar Fuska: Darasi Ga Mai Shago, Ma'aikaci Da Ma'abocin Hidima

  

Ya 'yan'uwa ahbabu, darasinmu na yau a kan fuska ne: fuskar da mai shago yake tarbar mai saye da ita, da fuskar ma'aikacin da ke zaune bayan taga yana karɓar kuɗin aike, da ta mai ba da magani, da ta ɗan kabu-kabu, da ta mai rabon abinci ranar Maulidi. Ni ɗalibi ne, ban kai in karantar da kowa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na yi wani kuskure da kaina, daga baya kuma na tarar da bayaninsa a cikin karatunmu na jami'a, sannan na ga ashe malamanmu sun riga sun faɗe shi tun da daɗewa da wasu kalmomi.

Abin da ya faru da ni

A babban hutun bara na zauna a shagon kawuna a kasuwar Maradi, inda yake sayar da sukari, shayi, sabulu da sauran kayan masarufi. Akwai wani dattijo da ke zuwa daga ƙauye kowane mako yana sarar kayan da yake kasawa a teburinsa. Cinikinsa bai wuce na jika ashirin ba, amma ya shekara da shekaru ba ya tsallake shagonmu. Ran nan ya zo kawu ba ya nan. Rana ta take, ga shi sakamakon jarrabawa ya fito bai yi mini daɗi ba, waya tana hannuna. Dattijon ya tambayi kuɗin kowane abu, ya sake tambaya, ya kuma sakewa, don kunnensa ya yi nauyi. Na faɗa masa kuɗin gaskiya, na auna masa daidai, na ba shi canjinsa ko dala ba ta ɓace ba. Sai dai ban ɗaga kai na dube shi ba, kuma a tambaya ta uku tsaki ya kuɓuce mini. Ya ɗaure kayansa ya ce, "Yaro, Allah ya yi albarka," ya tafi.

Mako na gaba muka hango shi a shagon da ke kallon namu. Kawu ya ce da ni, "Me ka yi wa Baba?" Na ce, "Wallahi kawu ban yi masa komai ba." Ya ce, "To, shi ne abin da ka yi masa."

Abin da ya fi damuna ba asarar cinikin ba ce. Yammacin ranar da na yi wa dattijon tsaki ina zawiya wurin wazifa, ina gaisawa da 'yan'uwa hannu bibbiyu, fuska a sake kamar ban taɓa ɓata wa kowa rai ba. To wace ce fuskata ta gaskiya a cikin biyun?

Abin da masu bincike suka gano

A shekarar 1983 wata malamar nazarin zamantakewa a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Arlie Hochschild, ta fitar da littafi a kan ma'aikatan da fuskarsu take cikin abin da ake biyan su dominsa. Ta bi ma'aikatan cikin jirgin sama na kamfanin Delta har wurin horar da su, ta ga yadda ake koya musu su ɗauki cikin jirgi tamkar ɗakin baƙi na gidansu, matafiya kuma tamkar baƙinsu. Ta kuma duba masu karɓar bashi, waɗanda su akasin haka ake nema daga gare su, wato su ɗaure fuska. Ta ce wannan ma aiki ne kamar ɗaukar kaya, sai dai da zuciya ake yin sa, kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan Amurka a lokacin suna irin wannan aiki.

Ta raba shi gida biyu. Na farko shi ne mutum ya gyara waje ya bar ciki yadda yake: haƙora a buɗe, zuciya tana tafasa. Wannan shi ne abin da Bahaushe yake kira yaƙe. Na biyu shi ne mutum ya koma ya gyara cikin, ya sake duban wanda ke gabansa da wani ido, ya ce wataƙila wannan mai faɗan tsoro yake ji, ko wata damuwa ya baro a gida, har tausayi ya zo masa da gaske, fuskar ta saki da kanta.

Shin mai saye yana iya bambanta su? Tun a shekarar 1862 wani likita Bafaranshe, Duchenne, ya bayyana cewa murmushin farin ciki ba ya tsayawa a baki, yana haɗawa da naman da ya kewaye ido har gefen idon ya tattare. Ba ma'auni ba ne da ba ya kuskure, domin akwai masu iya ƙirƙirar wannan ma, amma ya yi daidai da abin da kakanninmu suka ce: labarin zuciya a tambayi fuska.

A shekarar 2001 wani mai bincike, Douglas Pugh, ya duba ma'aikatan banki da masu zuwa wurinsu. Ya tarar cewa inda ma'aikaci ya fi nuna fara'a, mutane sun fi fita da sakakkiyar zuciya, kuma sun fi yaba ingancin aikin bankin. Dalilin da masana suke bayarwa shi ne hali yana naso. Ɗan Adam yana kwaikwayon fuskar wanda ke gabansa ba tare da ya sani ba, daga nan kuma abin ya gangara zuwa zuciyarsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ko da zaman na minti biyar ne a bakin kanta.

Amma a shekarar 2006 wasu masana ƙarƙashin Thorsten Hennig-Thurau suka ƙara tace maganar. Suka shirya shago na gwaji, suka sa 'yan wasan kwaikwayo su zama ma'aikata, wani lokaci su yawaita murmushi, wani lokaci su rage, wani lokaci na gaske, wani lokaci na yaƙe. Sama da mutum 200 suka shiga. Sakamakon ya nuna cewa yawan murmushin bai canza zuciyar mai saye ba. Gaskiyar murmushin ita ce ta canza ta.

Iyakar fara'a

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka fara'a tana maye gurbin aiki. A shekarar 2005 Alicia Grandey da abokan aikinta suka nuna wa mutane hoton bidiyo na ma'aikaciyar masauki tana tarbar baƙo. Inda ta yi aikinta da kyau, fara'ar gaskiya ta ƙara gamsuwar masu kallo. Inda ta yi ta kuskure a aikin, fara'ar ba ta ceto ta ba. Tela mai dariya wanda ya ɓata maka shadda ranar jajibirin Salla, dariyarsa ƙarin haushi ce. Mai awon da ya tauye mudu yana murmushi ya haɗa laifi biyu, tauyewa da yaudara.

Akwai kuma wani bincike da ya ba masu shi mamaki. A shekarar 1988 Robert Sutton da Anat Rafaeli suka duba ƙananan shaguna 576, suna zaton za su ga inda aka fi fara'a an fi ciniki. Sai suka ga akasin haka: shagunan da suka fi ciniki su ne ma'aikatansu suka fi ƙarancin fara'a. Da suka koma suka zauna a shagunan suna lura, sai suka gane ba ɗaure fuska ke kawo ciniki ba. Cunkoso ne ke cinye fara'a. Idan layi ya yi tsawo, mai saye da kansa ba hira yake so ba, so yake a sallame shi da sauri, har yana jin haushin ma'aikacin da ya tsaya doguwar gaisuwa da na gabansa. Idan shago ya yi shiru kuwa, a nan ake son gaisuwa da tambayar gida.

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin sayen tikitin mota a tasha da asuba, ko layin karɓar kuɗin aike ana gobe Salla, ya san wannan. A irin wannan wuri kyautatawa ita ce hanzari, da amsa sallama, da kallo ɗaya mai nuna an ga mutum. Sanin abin da kowane lokaci yake nema shi ne ladabi.

Haka kuma kowace ƙasa da irin fuskarta. Kamfanin Walmart na Amurka ya shiga Jamus a ƙarshen 1997 ya fita a 2006 da asara. Dalilan suna da yawa, amma cikin abubuwan da aka yi ta ambata akwai umurnin da aka ba ma'aikata na yi wa kowane mai saye murmushi, abin da Jamusawa da yawa suka ga baƙo ne, wasu ma suka yi masa wata fassara. Mu ma muna da namu. Littattafan kasuwanci na Turawa suna cewa ka kafe mai saye da ido. A wurinmu yaron da ya kafe dattijo da ido ba shi da kunya. Sakin fuskarmu yana cikin amsa sallama da cikakkiyar murya, da ajiye abin da ke hannu, da "sannu da zuwa Baba, ina gajiya", da miƙa kujera ko ruwa, da karɓa da bayarwa da hannun dama, da cewa "albarka" cikin taushi idan tayi bai kai ba, da ɗan gyara bayan an sallama. 'Yar'uwa mai sana'a kuma ba a neman ta da dariya ga kowane namiji. Mutunci da magana mai daɗi cikin kamewa sun isa.

Abin da malamanmu suka riga suka faɗa

Ya ɗan'uwa, da na karanta rabon nan na gida biyu, sai na tuna ashe wannan ita ce tsohuwar maganar zahiri da baɗini. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Zarrin (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana a raina kowane alheri, ko da haɗuwa da ɗan'uwa ne da sakakkiyar fuska. Tirmizi ya ruwaito cewa murmushi ga ɗan'uwa sadaka ne. Jariru ɗan Abdullahi (RA) ya ba da labari cewa tun da ya musulunta Annabi (SAW) bai taɓa ganin sa ba face ya yi masa murmushi. Buhari kuma ya ruwaito daga Jabir (RA) addu'ar rahama ga mutumin da yake da sauƙin hali idan zai sayar, da idan zai saya, da idan zai nemi haƙƙinsa. A lura, wannan na ƙarshe a kan kasuwa yake kai tsaye, kuma ya haɗa da mai saye, ba mai sayarwa kaɗai ba.

A nan wata tambaya take tasowa, wadda ni ma ta dame ni. Idan raina a ɓace yake, na saki fuska ga mai saye, ba munafunci na yi ba? Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, ya warware wannan a cikin Ihya'u, a babin horar da rai. Ya bayyana cewa hali yanayi ne da ya kafu a rai har ayyuka suke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Ya kuma bayyana cewa ana samun sa ta hanyar tilasta wa kai aikin tun yana da nauyi, har ya zama ɗabi'a, kamar yadda mai koyon rubutu yake wahala da alƙalami kafin hannunsa ya faɗa.

Ke nan mutum biyu suna iya yin murmushi iri ɗaya alhali ransu a ɓace, amma hukuncinsu ya bambanta. Na farko yana ɓoye ƙiyayya ne don ya samu abin da ke aljihunka, kuma ba shi da niyyar cikinsa ya canza. Na biyu yana yaƙar ransa ne, yana jan zuciyarsa ta biyo fuskarsa, domin ya san wanda ke gabansa bawan Allah ne da bai yi masa laifi ba. Na farko yaudara ce, na biyu mujahada ce. Niyya ce ta raba su, da kuma inda kowannensu ya dosa.

Masu binciken ma sun ga bambancin a jikin ma'aikata. Da aka tattara bincike masu yawa a shekarar 2011, an ga cewa masu rayuwa a kan yaƙe kullum su ne suka fi fama da gajiyar zuciya da ƙosawa da aiki, alhali masu gyara ciki ba su fuskanci wannan cutarwa haka ba. Bahaushe ya riga ya ce yaƙe ya fi kuka ciwo.

Haƙƙin da ke kan mai gida

Wannan darasi ba na yaran shago kaɗai ba ne. Da yawa cikin 'yan'uwa Allah ya ba su dukiya, suna da ma'aikata a ƙarƙashinsu. Alhaji, idan ka zagi yaronka da safe a gaban mutane, zagin nan ba ya tsayawa a kansa, yana naso zuwa mai saye na farko da ya shigo. Idan wata ya ƙare har kwana goma ba ka biya shi ba, idan ya wuni a tsaye ba ka ba shi lokacin salla da na cin abinci ba, da wace zuciya zai saki fuska? An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma wani lokaci sarkin ne yake ɓata bafaden. Mai saye bai san ka ba, yaronka ya sani. Fuskar yaronka ita ce fuskar shagonka, kuma kai ne kake wanke ta ko ka shafa mata toka.

Haka nan kada ka tilasta wa ma'aikacinka ya haɗiye wulaƙanci yana dariya. Idan mai saye ya ƙetare iyaka ya ci mutuncinsa, ka tsaya masa cikin hikima. Ma'aikacin da ya san mai gidansa yana bayansa ya fi iya haƙuri da mutane.

Mu kuma masu saye, mu tuna wanda ke bayan taga mutum ne. Wataƙila mu ne na ɗari da ya gani tun safe. Mu fara yi masa sallama, mu ce masa sannu da aiki. Naso ta kowane ɓangare yake tafiya.

Abubuwan da za mu ɗauka

Na ɗaya, gyara niyya kafin buɗe shago ko zama a kujerar aiki. Ka ƙudurta cewa duk wanda zai zo yau Allah ne ya turo shi, kuma biyan buƙatarsa hidima ce.

Na biyu, idan mutum ya tsaya gabanka, ajiye waya. Ko carbi ne a hannunka, ɗaga kai ka amsa masa. Zikirin da ya sa ka bar bawan Allah a tsaye yana jiran ka ɗago, ka sake duba shi.

Na uku, idan wani ya zo da zafi, nema masa uzuri a zuciyarka kafin ka buɗe baki. Mai yawan tambaya wataƙila ba ya ji sosai, ko bai iya lissafi ba yana jin kunyar faɗa, ko kuɗin ba nasa ba ne.

Na huɗu, kyautata aikin kansa: awo daidai, canji daidai, alkawari a kan lokaci. Fara'a miya ce, ba ta zama tuwo.

Na biyar, kula da rabuwa. Mutum yana tafiya gida da abin da ya ji a ƙarshe. Wanda ya yi tayi bai saya ba ma, a sallame shi da "Allah ya sa mu dace gaba", domin gobe ma rana ce.

Na shida, idan ka ji ranka ya ƙuntata har ba za ka iya ba, nemi wani ya tsaya maka, ka je ka yi alwala, ka yi istigfari da salati, ka dawo. Ya fi ka zuba wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Na bakwai, wannan duka ya shafi hidimar zawiya. Mai rabon abinci, mai shimfiɗa tabarmi, mai tsaron ƙofar Shehu, mai tarbar baƙin da suka kwana a hanya don ziyara: baƙo yakan manta abin da ya ci, amma ba ya manta fuskar da ta miƙo masa. Wani daga fuskar hadimi yake yanke hukunci a kan tarbiyyar gidan gaba ɗaya.

Game da dattijon nan kuwa, kawu bai bar ni ba sai da na tsallaka na same shi a ɗaya shagon, na durƙusa na gaishe shi na nemi gafara. Ya yi dariya ya ce ya yafe tun ranar, shi ma yana da jikoki. Amma ya ce maƙwabcinmu ya riga ya ba shi kaya bashi, ba zai juya masa baya ba. Har yau idan ya shigo kasuwa yakan tsaya mu gaisa, wani lokaci ya sayi sabulu, sauran sarin kuwa yana can. Kawu bai sake tayar da maganar ba. Ni ne dai duk lokacin da na hango shi nake tuna cewa tsaki ɗaya ya warware abin da aka shekara ana saƙawa.

Allah ya gyara mana zukatanmu da fuskokinmu, ya sa zahirinmu da baɗininmu su zama ɗaya, ya sanya albarka a kasuwancinmu da ayyukanmu, ya ba mu ladabin hidima ga bayinsa, albarkar Shugaba (SAW). Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ina roƙon malamaina da 'yan'uwa su gyara mini.